Wat Dubu Ko Dogon Ƙarfe? Abin Da Za A Duba Kafin A Sayi Kayan Ƙaramin Gidan Rediyo A PK5

Wata ranar Lahadi bayan la'asar muna zaune a ƙofar wani shago a nan Yakité, sai wani dattijo ɗan kasuwa, sa'an mahaifina, ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata baƙar na'ura ce mai 'yan fitilu a gaba, an rubuta mata 1000W da manyan baƙaƙe.

Ya ce: "Malam, kai ne mai boko a cikinmu, duba mini wannan. Wani yaro a Dubai ya ce in na tura kuɗi, cikin wata ɗaya ta iso Douala. In muka kunna ta, har 'yan'uwanmu da ke Garoua-Boulaï za su ji mu."

Na ce: "Alhaji, a yi mini haƙuri na mako biyu in tambayo waɗanda suka sani."

Ni dai malamin makaranta ne, lissafi da kimiyya nake koya wa yara. Mako biyun nan sai da ya zama wata biyu. Na karanta takardun bayanin na'urori har idona ya yi ja, na kuma yi ta zarya gidan wani tsohon ma'aikacin rediyo da ya yi ritaya, wanda ya shafe rayuwarsa yana hawa ƙarfen eriya. Abin da na tattaro shi ne na ga ya kamata in baje a nan, domin na san ba Alhaji kaɗai ke da wannan buri ba. Kuɗin da za a zuba kuma na jama'a ne, na karo-karo, in suka nutse a na'urar da ba ta dace ba, sake tara su sai an sha wuya.

Me ya sa ake maganar rediyo?

Duk wanda ya zauna a unguwar nan daga Disambar 2013 zuwa yau ya san abin da jita-jita ke iya yi. A ƙarshen Satumbar 2015, bayan an tsinci gawar wani matashi Musulmi mai haya da babur, kafin a tantance abin da ya faru gari ya riga ya kama da wuta, mutane da yawa suka rasa rayukansu daga kowane ɓangare. Sau nawa aka rufe kasuwa, iyaye suka kwashe yara daga aji da gudu, saboda wani ya ce wani ya ce? Ni da kaina na sha tsayawa a bakin ƙofar aji ina roƙon iyaye su dakata mu ji tabbas.

Bangui na da gidajen rediyo, ba a rasa ba. Akwai Radio Centrafrique ta gwamnati. Akwai Radio Ndeke Luka, wadda gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan ta kafa a Maris ɗin 2000, ana kama ta a 100.9. Akwai Guira FM ta rundunar MINUSCA da ta fara aiki a Satumbar 2014 a 93.3, ga Radio Notre-Dame ta cocin Katolika. Yawancin shirye-shiryensu da Sango ne da Faransanci, kuma muna saurare. Sai dai tsohuwar da ta fi gane magana da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Chadi, in tana son labari da harshenta, sai ta jira Landan ko Faris, su kuwa ba za su gaya mata ranar rigakafin yara a asibitin unguwa ba, balle lokacin jana'izar maƙwabcinta. Wannan giɓin ƙaramin gidan rediyo ke cikewa: sanarwa, cigiya, farashin kasuwa, darasin yara, tafsiri da azumi, da kuma zama da maƙwabtanmu na Castors da Fatima da Boeing a gaban makirufo ɗaya.

To, buri mai kyau ne. Saura yadda za a yi kada a sayi kaya a jibge.

Takarda kafin ƙarfe

Abu na farko da tsohon ma'aikacin nan ya tambaye ni shi ne: "Ɗana, an ba ku lamba?" Na ce wace lamba? Ya yi dariya, ya ce to ku mayar da kuɗinku aljihu tukuna.

A ƙasar nan ba a kunna gidan rediyo sai da izinin Majalisar Ƙoli ta Sadarwa, wato HCC, sannan akwai hukumar ARCEP mai kula da rabon zangunan sadarwa. Zangon FM ya taso daga megahaz 87.5 ya tsaya a 108, kuma rabonsa tsakanin ƙasashen Afirka da Turai yana bin wata yarjejeniya da aka ƙulla a Janiba a 1984. Mu a Bangui abin ya shafe mu kai tsaye, domin garin Zongo na Kwango yana tsallaken kogin Ubangi, muryar rediyo kuwa ba ta san iyaka ba.

Dalilin da ya sa takarda ke gaba da saye a fili yake. Izinin ne zai faɗi lambar da za ka zauna a kai, da iyakar ƙarfin da aka yarda ka fitar, da wurin da za ka kafa eriya. Eriyoyi da yawa kuma ana yanka su ne daidai da lambar da aka ba mutum. Wanda ya sayo eriyar 89 aka zo aka ba shi 104, ya yi asara. Wanda ya sayo wat 1,000 aka ce 100 aka yarda masa, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Kayan watsa shiri da suka iso kan iyaka babu takardar izini ma suna iya kwana a hannun jami'an duwan har gaba ta Annabi.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. Filin jirgin sama na M'Poko 'yan kilomitoci ne daga PK5. Daga inda zangon FM ya ƙare, wato 108, nan na jiragen sama ya fara: 108 zuwa 118 na na'urorin da ke yi wa jirgi jagora wajen sauka ne, 118 zuwa 137 na maganar matuƙi da hasumiya. Na'ura mai arha wadda ba ta da matata mai kyau tana zubar da datti a waɗannan zanguna. Ranar da ma'aikatan ASECNA suka ji wa'azinmu ko sanarwar bikinmu a kunnen matuƙin jirgi, ranar za a rufe gidan, kuma da gaskiyarsu. Mu da ake sa wa ido a kan ƙaramin abu, bai kamata mu ba da wannan ƙofa ba.

Wat nawa ya ishe mu?

A nan ne na fi shan mamaki. Muryar FM tafiyarta kamar ta hasken tocila ce, miƙe take zuwa, in ta tarar da tudu ko ƙasa ta lanƙwashe, shi ke nan. Saboda haka tsawon ƙarfen da eriya ke kai ya fi yawan wat tasiri.

Ga lissafin da ko ɗan aji shida zai iya. Nemi tushen murabba'in tsawon ƙarfen a mita, ka ninka da 4, abin da ya fito shi ne kimanin kilomitocin da eriya ke hangowa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ƙarfe mai mita 9, tushensa 3, kilomita 12 ke nan. Mai mita 16, kilomita 16. Mai mita 25, kilomita 20. Garoua-Boulaï kuwa tafiyar kusan kilomita 600 ce. Ko wat dubu goma Alhaji ya saya, muryarsa ba za ta je can ta FM ba. 'Yan'uwan da ke Kamaru da Chadi, ta intanet za a kai musu shirin, wannan kuma kwamfuta da layi mai kyau yake buƙata.

Yanzu mu duba inda masu sauraronmu suke. Daga PK5 zuwa Bimbo, ko zuwa Bégoua da PK12, duk cikin da'irar da ba ta wuce kilomita 15 ba ne. Na'ura mai wat 50 zuwa 100, da eriya a kan ƙarfe mai mita 20 zuwa 25, za ta ratsa unguwannin yamma da tsakiyar gari yadda ya kamata. Inda za a samu rauni shi ne bayan tudun Gbazabangui, wajen Ouango, domin tudun zai tare. Ƙarin wat ba ya huda dutse.

Masana sun ce a fili irin namu, ninka tsawon ƙarfe sau biyu yana ba da ƙarfin murya kusan daidai da ninka wat sau huɗu. Ƙarfe kuwa sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, wat kuma kullum sai ya ci wuta. Na'urar wat 1,000 tana jan wajen wat 1,400 ko fiye daga soket, ta wat 100 kuwa 200 ya ishe ta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ita kanta na'urar watsawa

A takardar farashi da Faransanci za ka ga an rubuta émetteur. Kasuwarta kashi biyu ce. Akwai na kamfanonin da suka daɗe a harkar, irin RVR da Elenos da DB Elettronica na Italiya, ko Ecreso na Faransa. Akwai kuma na Chaina da ake tallatawa a intanet, farashinsu ƙasa sosai. Ba duk kayan Chaina ne marasa kyau ba, akwai masu aiki shekara da shekaru. Matsalar ita ce daga hoto ba ka bambance mai kyau da mugu. Saboda haka kada a tura ko dala sai mai sayarwa ya aiko da takardar bayanin na'urar, a duba waɗannan abubuwa:

Na ɗaya, tsabtar murya. A nemi layin da ke maganar dattin da na'ura ke fitarwa a wajen lambarta. Ana rubuta shi da dB. Lamba 60 na nufin dattin kashi ɗaya ne cikin miliyan na ƙarfin na'urar. A nemi 65 ko 70, musamman mu maƙwabtan filin jirgi. In mai sayarwa ya ce bai san wannan ba, a yi masa sallama.

Na biyu, ta zama tana kare kanta. In eriya ta lalace ko ruwa ya shiga waya, ƙarfin da ya kamata ya fita sai ya dawo cikin na'ura ya ƙona ta. Mai kyau tana da ma'aunin da ake kira SWR, da ya haura sai ta rage ƙarfi ko ta kashe kanta. Lafiyayyen ma'auni shi ne ƙasa da 1.5. Haka ma in ta yi zafi.

Na uku, ta zama ana iya rage mata ƙarfi. Shawarar tsohon nan ita ce a sayi mai wat 150 a riƙa tafiyar da ita a 100. Jakin da ba a cika wa kaya ba ya fi daɗewa, ga zafin Bangui a watan Maris.

Na huɗu, ta dace da yankinmu. Wutarmu bolt 220 ce. Sannan akwai wani saiti na murya da ake rubutawa 50 µs ko 75 µs. Afirka da Turai 50 suke amfani da shi, Amurka 75. In aka bar ta a 75, murya za ta riƙa fita da kaifi kamar ana soya gyaɗa.

Na biyar, maganar sitiriyo. Kowa na son ya ga fitilar sitiriyo ta kama. Amma gidan da yawancin shirinsa magana ce, kuma masu sauraronsa da ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya ko wayar Itel da Tecno suke ji, mono ya fi masa. A gefen gari inda murya ta yi rauni, sitiriyo shuuu yake ƙarawa, mono kuwa ya fita garau.

Sai kuma abin daidaita ƙarar murya, wanda ke hana ta wuce ƙa'idar kilohaz 75 da aka gindaya wa kowane gidan FM. Wasu na'urorin suna zuwa da shi a ciki, wasu sai an saya daban. In babu shi, duk lokacin da mai gabatarwa ya ɗaga murya sai ta fantsama gidan maƙwabta, su kuma su kai ƙara.

Eriya da wayarta, inda ake tafka asara a ɓoye

Mafi sauƙin eriya ita ce mai sanda biyu da ake kira dipol, tsawonta wajen mita ɗaya da rabi. In aka jera biyu, ɗaya bisa ɗaya, ƙarfin da ke tafiya gefe-gefe wajen jama'a yana ninkuwa kusan sau biyu, in huɗu ne kusan sau huɗu, ba tare da an ƙara ko wat ɗaya na wuta ba. Sai dai a lura, izini kan faɗi ƙarfin da ke fita daga eriya ne, abin da ake rubutawa PAR da Faransanci, don haka a yi lissafin tare da injiniya kada a haura. A kafa sandunan a tsaye, domin haka eriyar mota da ta ƙaramar rediyo da wayar kunne ta salula suka fi kamawa.

Wayar da ke ɗaukar ƙarfi daga na'ura zuwa eriya ita ce ɓarauniyar da ba a gani. Mu ɗauka na'ura na ba da wat 100, waya kuma mita 30 ce. In siririyar nan ce RG-58, abin da zai isa sama bai fi wat 35 ba, saura ya zama zafi a hanya. In RG-213 ce, sittin da 'yan kai za su isa. In mai kaurin rabin inci ce ta jan ƙarfe, wajen 85. Ka ga mutum na iya sayen babbar na'ura ya zubar da kashi biyu cikin uku saboda ya yi tsimin kuɗin waya. Araha ba ta ado.

Kada kuma wani ya ce ga ragowar wayar dish a gida. Ta talabijin om 75 ce, ta watsa shiri om 50, ba sa jituwa. A rage nisan da ke tsakanin na'ura da ƙarfe iyakar iyawa. A naɗe kowace mahaɗa da tef ɗin roba mai manne kansa, domin damina ɗaya ta isa ruwa ya cika waya. Doka ta ƙarshe wadda za a rubuta a manna a bango: ba a kunna na'ura in ba a jona eriya ba, ko na daƙiƙa ɗaya.

Shi kuma ƙarfen, aikin maƙeri ne da injiniya tare. Gidajenmu a cunkushe suke, ƙarfe mai mita 25 in ya faɗi, a kan rufin mutane zai faɗi. A yi masa gindi na kankare, a ɗaure shi da wayoyi ta kusurwa uku, a kuma nemi yardar hukumomin jiragen sama game da tsawonsa da jar fitilar da ake sa wa a ƙoli.

Wuta

Ba sai na gaya wa mutumin Bangui halin wutar ENERCA ba. Daga Boali take zuwa, tafiyar kusan kilomita 100, kuma ko da aka buɗe tashar hasken rana ta Danzi mai megawat 25 a Nuwambar 2023, har yanzu rabo ake yi unguwa-unguwa. Gidan rediyon da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, mutane za su daina neman lambarsa. Janareta kuma mai yake sha kullum, ga ƙara da ke shiga makirufo.

A nan darasin Nijar yake da amfani. Tun 1999 aka kafa rediyon al'umma a Bankilare, can yammacin ƙasar, da 'yar ƙaramar na'ura da farantan sola, daga nan irinsa ya bazu ƙauyuka da dama. Abin da ya sa suka iya shi ne ba su ɗora wa kansu na'urar da ta fi ƙarfin wutarsu ba.

Mu yi namu lissafin. Na'urar watsawa wat 200. Kwamfuta da mikisa da fitilu da fanka, wat 200. Jimla 400. In za a yi awa 8 a yini, 3,200 ke nan. A ƙara rubu'i saboda abin da ke salwanta a inbata da batura, ya zama 4,000. Da damina kada a sa ran rana mai ƙarfi fiye da awa 4, don haka ana buƙatar farantan da suka kai wat 1,000, a ce huɗu masu 300 don a samu rara.

Batura su ne babban kashin kuɗi, domin jama'a sun fi saurare da asuba da kuma bayan magariba, lokacin da babu rana. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, amma irin na darma rabi kawai ake sha in ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Awa 5 na duhu za su ci wajen 2,500. Biyu da ƙyar, huɗu su ne kwanciyar hankali ranar da hadari ya yini. Na litiyam sun fi tsada, amma ana shan kashi 80 cikin ɗari nasu, kuma sun fi daɗewa. Inbata kuwa a nemi mai ba da wuta sumul, wadda ake rubuta wa pur sinus, domin mai arhar tana sa ƙugi a murya.

Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan lissafi ya sa wat 1,400 a madadin 200, ya ga farantai da batura nawa na'urar Alhaji za ta ci.

Aradu

Yankinmu na kogin Kwango yana cikin wuraren da aka fi yawan tsawa a duniya, mu kuma za mu kafa ƙarfe mafi tsawo a unguwa. Tsohon nan ya ce mini na'urorin da ya ga aradu ta kashe sun fi waɗanda tsufa ya kashe yawa. Maganin ba shi da tsada in aka kwatanta da asarar: sandar kama aradu a ƙolin ƙarfe sama da eriya, kakkaurar wayar jan ƙarfe ta sauko miƙe, sanduna da dama a binne cikin ƙasa mai laima, a haɗa ƙarfe da na'ura da inbata duk a wayar ƙasa ɗaya. A sa abin kariya a kan wayar eriya inda ta shigo ɗaki, a sa wani a layin wuta. In hadari ya taso da tsawa sosai, a ba masu sauraro haƙuri a kashe, a cire waya. Gara a rasa awa ɗaya da a rasa wata shida ana jiran kayan gyara.

Ɗakin shiri

A nan mutane suka fi son kashe kuɗi don baƙi su gani, alhali nan ne aka fi iya tsimi. Makirufo uku ko huɗu sun isa. A zaɓi irin da ake kira dinamik, kamar Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, domin muryar da ke kusa da shi yake ɗauka. Ɗaya nau'in, kondensa, har kukan babur a titin Koudoukou da lasifikar mai tallan magani zai kwaso. Wayoyinsu su zama masu baki uku, XLR, don kada ƙarfin na'urar watsawa ya shiga cikinsu.

Mikisa mai layi shida zuwa takwas ta wadatar. Wadda aka ƙera don rediyo, irin ta kamfanin D&R na Holan, tana kashe lasifikar ɗaki da kanta in an buɗe makirufo, tana kuma da hanyar haɗa kiran waya. In kuɗi bai kai ba, Yamaha ko Behringer ta masu biki za ta yi, sai dai a koya wa yara hattara. Kwamfuta ko ta hannu ce ta isa, manhajar Audacity ta gyaran murya da RadioDJ ta jera shirye-shirye duk kyauta ne. A tanadi ƙaramin rikoda ɗaya ko biyu na fita unguwa. Bango kuma a lulluɓe shi da katifar soso da labule mai kauri, a shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da ake mannawa ba ya tare ƙarar waje.

Abu biyu ne nake roƙon kada a yi tsimi a kansu. Na farko, na'urar jinkirta murya. Tana riƙe magana daƙiƙa bakwai zuwa goma kafin ta fita, yadda in mai kira ya ambaci sunan wani ya ce a je a far masa, ko ya zagi addinin wasu, mai gabatarwa zai danna ya yanke kafin kowa ya ji. Magana zarar bunu ce. Duniya ba ta manta abin da gidan rediyon RTLM ya yi a Ruwanda a 1994 ba, mu ma nan mun ga inda kalma ɗaya ke kaiwa. In babu kuɗin wannan na'ura, to a riƙa naɗar kira tukuna a saurara, sannan a sa.

Na biyu, ajiyar duk abin da aka watsa. Ranar da za a ce gidan rediyon Musulmin PK5 ya faɗi kaza, abin da zai fitar da mu shi ne mu ɗauko faifan ranar mu ce ga shi, a saurara. Awa ɗaya ta magana a MP3 mai sauƙi ba ta kai megabait 30 ba. Awa 8 kullum har shekara bai wuce gigabait 85 ba. Ƙaramin faifan ajiya ɗaya zai ɗauki shekaru.

Saye, jigila da gyara

Kaya daga Douala sai sun bi Garoua-Boulaï, Béloko, Bouar, kafin su iso, ga kuɗin duwan, ga jijjigar hanya. Farashin da aka gani a waya somin-taɓi ne. A tambayi mai sayarwa: in ta lalace wa zai gyara, a ina, kayan gyara daga ina? Kafin a yanke shawara a zaga gidajen rediyon da ke aiki a Bangui, a tuntuɓi ƙungiyar gidajen rediyon al'umma ta ƙasa, a ji irin na'urar da masu gyaran garin nan suka saba da ita. Na'urar da ake da mai gyaranta a Bangui ta fi wadda sai an mayar da ita Turai.

A sayo fanka da fis da mahaɗan waya na ajiya tun farko. In hali ya yi, a ajiye ƙaramar na'ura mai wat 20 ko 30 ta ko-ta-kwana. Da rani a riƙa share ƙurar da ke toshe mata iska duk mako. A kuma ware kuɗin tafiyar da gidan na aƙalla shekara guda, da na horar da matasa biyu ko uku, mace a cikinsu, domin rabin masu sauraro mata ne kuma akwai maganar da sai 'yar'uwarsu za su gaya wa.

Da na koma wa Alhaji da takarduna, ya saurare ni har na gama, ya juya hoton na'urarsa ya sake kallo. Ya ce: "Wato Malam, kana nufin wannan ƙatuwar ba ta da amfani?"

Na ce: "Tana da shi, Alhaji, ga wanda ke da tudu da wuta da izininta. Mu kuɗinta zai saya mana ƙarama mai kyau, da waya, da ƙarfe, har a fara batura."

Ya yi shiru, can ya ce to a rubuta takardar neman izinin, shi zai sa hannu a farko, amma da sharaɗin in an buɗe, sanarwar farko ta zama ta cigiyar maƙwabtan da aka rabu da su tun 2014, Musulmi da Kirista, a ji inda kowa yake. Takardar tana hannuna ina gyara Faransancinta. Allah Ya sa mu ga ranar.